Kujera Biyu Kusa da Taga

A ƙasarmu ta Ƙonni ba a tafiya sai da dalili. In ka ga mace da ƙullin kaya a tashar mota, to ko biki za ta, ko gaisuwar rasuwa, ko kuwa ciwo ya fi ƙarfin maganin gida an ce a kai asibitin Galmi. In namiji ne, kasuwa ce ko bida. Ko hanya ɗaya ta haɗa miji da mata, da wuya ka gan su a jere. Shi yana gaba kusa da direba, ita tana can baya cikin mata da goyo da buhunan gero, in an sauka kuma ya yi gaba ta biyo shi da tazara. Kunya ce, kuma da ita muka tashi. Ban taɓa ganin mahaifina da mahaifiyata sun fita ƙofar gida tare don kawai su je su ga wani wuri su dawo ba, ban kuma taɓa jin wani a garinmu ya ce an tauye masa wani abu saboda haka ba.

Jirgin ƙasa kuwa a bakin manya muka san shi. Kakana yakan ba mu labarin yadda suke takawa a ƙasa bayan girbi, su ratsa Illela ta Najeriya, su bi ta Sakkwato, har su kai Ƙauran Namoda inda dogo ya tsaya tun 1929, daga nan su hau zuwa Zariya su gangara Kurmi. Waɗanda suka biyo bayansu, ƴan bidar Abijan daga Illela tamu da Badagishiri da ƙauyukan Adar, mota ce take kai su Wagadugu, inda dogo ya iso a 1954, su shiga jirgin da ake kira Abijan–Nijar, wanda har yau ƙafarsa ba ta taka ƙasar Nijar ba. Duk waɗannan labaran maza ne. Jirgi a wurinmu abin da ke kwashe maza ne idan an gama sussuka, a bar mata da tsofaffi da yara suna jiran kaset ɗin da aka naɗo muryar maigida a ciki, da ɗan kuɗin da za a damƙa wa wani amintacce ya kawo.

Ni karatu ya kai ni Maroko, makarantar noma da kiwo ta Hassan na Biyu da ke Rabat, inda na yi zurfi a fannin ban-ruwa. A wani hutu na zo gida aka ɗaura mini aure da yarinyar da gwaggonta ta riƙa a Galmi. Mun san juna sanin gaisuwa da ɗan zancen dare a zaure, ƙannenta na kai-komo a kusa. Ba mu jima da tarewa ba na koma, sai a 2016 na sami halin kawo ta. Na kama mana ɗaki ɗaya da ɗan madafi a bene na uku, cikin wata unguwar masu ƙaramin ƙarfi.

Lokacin sanyi ta iso, kuma sanyin Rabat mai laima ne, yana shiga bango yana shiga ƙashi. Macen da ta tashi a gida mai tsakar gida, inda tun asuba ake jin luguden taɓarya, maƙwabciya ta leƙo ta katanga aron rariya, sai ga ta a ɗakin da in na fita da safe ba mai ce mata ina kwana har in dawo. Larabcin Maroko ba irin na allo ba ne, Faransancinta kuma na ƴan ajin firamare ne. Na lura maganarta tana raguwa. Abinci yana nan a kan lokaci, wanki tsaf, amma in na tambaye ta yaya gida sai ta ce lafiya lau, shi ke nan. Mutumin da ya san zaman baƙunta ya san irin wannan lafiya lau ɗin.

Wata Asabar aka ce mini wani ɗan gida ya sauka Kasabalanka da saƙonmu: garin kuka, daddawa, busasshen zogale, ɗan gero da kilishi. Ina sa takalmi na dube ta zaune a bakin katifa ta lulluɓa da bargo, na ce, "Amarya, ko za ki raka ni?" Ta ce, "Mi zan tahi yi, Malam?" Na ce kayan miya ne, ita ta san mai kyau. Da wannan hujjar ta tashi ta ɗauki mayafi.

Tashar tsakiyar Rabat tana kan babban titin Muhammad na Biyar, kusa da majalisar dokoki, kuma sai an sauka matakala ake samun jirgi, domin dogon a ƙarƙashin titi yake. A lokacin tikitin aji na biyu zuwa Kasabalanka bai kai dirhami 50 ba, wato ƙasa da jika uku a kuɗinmu. Jirgin da ke zirga-zirga tsakanin biranen biyu an fara shi a 1984, shekarar da Sa'id Awita ya ciyo wa Maroko zinariya a gudun mita 5,000, shi ya sa tsofaffi har lokacin suke kiran jirgin da sunansa. Wanda muka samu mai bene ne. Muka hau sama, muka tarar da kujeru bibbiyu a jere, ba ɓangaren maza ba ɓangaren mata. Ta tsaya tana dube-dube tana neman inda mata suke. Wata dattijuwa ta nuna mata kujerar taga da haɓa, ta nuna mini ta kusa da ita. Haka muka zauna kafaɗa da kafaɗa a gaban jama'a, ba kuwa wanda ya ɗaga kai ya dube mu.

Jirgi ya tashi ba jijjiga ba ƙura. Agdal, Tamara, Sakhirat, Buznika, Muhammadiyya, kowace tasha muryar mace ta faɗe ta da Larabci ta maimaita da Faransanci, ita kuma tana bin sunayen a hankali da leɓɓanta. Nan da can wani shuɗi yakan leƙo tsakanin gidaje ya ɓace. Ban gaya mata ko mene ne ba sai da muka sauka tashar bakin ruwa, muka karɓi saƙonmu, muka bi gefen tsohon gari a ƙafa har masallacin Hassan na Biyu, wanda aka buɗe a 1993, hasumiyarsa mita 210, wani sashensa a kan ruwa aka gina shi. Ruwa mafi girma da ta taɓa gani shi ne madatsar Muzage in damina ta yi kyau. Ta tsaya a bakin katangar tana kallon igiyar ruwa na dukan duwatsu, ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta tambaye ni ko akwai mutane a wancan gefen. Na ce akwai, Amurka ce. Ta yi tasbihi. A jirgin dawowa, leda cike da warin daddawa a tsakanin ƙafafunmu, ta ce, "Malam, Asabar mai zuwa ma akwai saƙo?" Na ce babu. Ta ce, "To mu tahi hakanan."

Daga nan Asabar ta zama tamu, duk lokacin da aljihu da karatu suka bari. Tun daren Juma'a take turara dambu da kuskus ɗin Maroko, ta haɗa da zogalen gida da albasa da ɗan mai, ta cika kwano mai murfi, ta dafa shayi ta zuba a fulas. Kuɗin tikiti daga kuɗin nama yake fita, kuma ita ta yanke wannan hukuncin. Sharaɗinmu ɗaya ne, duk inda za mu je mu kwana a ɗakinmu, don kuɗin masauki ya fi ƙarfinmu. Wani lokaci mu tsaya nan kusa, Muhammadiyya mu ci kifi, ko Kenitira mu zaga kasuwa. Wani lokaci mu yi sammako mu nufi gabas.

Hanyar gabas ita ce na fi ƙauna, kuma a kanta ne na san matata. Jirgi yakan haye kogin Abu Raƙraƙ ya shiga Sale, ya bi gefen dajin Ma'amura mai itatuwan da ake ɓare ɓawonsu a yi murfin kwalba, ya wuce Kenitira ya faɗa filin Garb. Waɗannan jiragen na dogon zango ɗaki-ɗaki ne, mutum takwas a ɗaki a aji na biyu, huɗu na fuskantar huɗu, ga lungu a gefe inda mai tura keken kofi da burodi yake wucewa. Ranar cunkoso ita ta zauna ni in tsaya a lungu. Ranar da aka sami sarari kuwa, sai mu raba aikin kallo. Ni ina kallon magudanan siminti da aka ɗora a kan ƙafafu suna ratsa gonaki, ina lissafin yadda aka raba ruwan kogin Sabu, ina kwatanta shi da gandun ban-ruwa na Ƙonni mai hekta sama da 2,000 da yadda yashi ke cike mana madatsai. Ita kuwa idonta na kan abin da ido na manomi ke gani: an bar ciyawa a wannan gonar, waccan an yi shuka da kauri, ga mace tana kiwon tumaki da hular kaba mai tuntaye. A Sidi Sulaiman da Sidi Kasim lambunan lemo ne har iya ganinka, in lokacin fure ne ƙanshinsu har cikin taragu. A kan turakun wuta da hasumiyoyin masallatan ƙauye ga manyan fararen tsuntsaye dangin shamuwa sun yi sheƙa. Da na gaya mata suna ƙetare Sahara su yi rani a ƙasashenmu, sai ta riƙa gaishe su da sannunku da hanya.

Wata rana cikin watan Afrilu muna ratsa wannan filin, alkama ta yi kore shar ta fara ɗaukar kai, iska na kaɗa ta. Mu biyu ne kawai a ɗakin sai wani tsoho da ke barci. Ba tare da ta juyo ba ta ce, "Malam, ka san abin da ya sa anka kai ni wurin Gwaggo?" Na san riƙonta aka yi, kuma riƙo a wurinmu ba abin tambaya ba ne. Sai ta fara ba ni labarin 2005. An haife ta a wani ƙauye na dutse kusa da Badagishiri. Fara ta sauka a 2004, ruwa ya ɗauke da wuri, abin da aka girbe bai kai su ko tsakiyar rani ba. Mahaifinta yana Abijan, ƙasar kuma tana cikin rikici, saƙo ya yanke. Buhun gero ya haura jika 25. Mahaifiyarta ta sayar da awaki ɗaya bayan ɗaya a farashin da ba ya sayen ko tiya kaɗan, sannan ta sayar da kwallayen aurenta. Ta faɗa mini yadda suke fita da sassafe tsinkar anza, yadda ake jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa don ɗacin ya fita, yadda ake dafa ganyen jiga a yaudari ciki. Ta faɗa mini sunan ƙaninta da aka yaye cikin wannan halin, wanda bai ga kaka ba. Bayan an rufe shi ne mahaifiyarta ta ɗora ta a motar kasuwa zuwa Galmi, ta ce wa gwaggon, ga ɗiyarki nan, inda albasa take ba a kwana da yunwa. Tana da shekara goma.

Ba ta yi kuka ba, ni ne na kasa haɗiye yawu. Mun yi zaman ɗaki ɗaya, mun ci a kwano ɗaya, wannan maganar ba ta fito ba sai a nan. Na yi ta tunanin dalili, kuma abin da na gano shi ne, a ɗaki kullum akwai abin yi, akwai tukunya a wuta, akwai littafi a buɗe, kuma in za a yi magana sai an dubi juna, kunya ta tare. A jirgi hannu ba aiki, ba mai sallama, ba inda za a tashi a je, idanu duka biyu suna kan taga. Daga ranar maganarta ta ɓalle kamar gulbin Magiya bayan ruwan farko. Na ji cewa ta so zama ungozoma irin ta asibiti, na ji malamin da ya roƙi a bar ta ta ci gaba da lakkwal, na ji abin da take so da wanda ba ta so a halina. Ni ma na faɗa mata abubuwan da ban taɓa faɗa wa aboki ba, har da tsoron da nake ji na in koma gida da takarda in rasa aiki.

A Maknas kuwa ita ce malama. Mun ga ƙofar Mansur da aka kammala a 1732, mun shiga rumbunan Sarki Maulaya Isma'il, gini mai kaurin bango da sanyi a ciki ko da tsakar rana, inda aka ce yana tara hatsin dawakinsa da na rundunarsa. Ta shafa bangon ta ce sarkin da ya yi wannan ya san yunwa. Amma a kasuwar da ke gefen dandalin Hadim ta fi daɗewa. Yankin Hajib da ke kudu da garin shi ne gidan albasar Maroko, sai ta durƙusa gaban tulin wani mai sayarwa ta ɗauki ɗaya. Ta auna ta a tafin hannu, ta danna wuyanta da babban yatsa, ta ɓare ɓawon farko ta ɗaga shi ga haske, ta kai hanci. "Ruwa ya yi mata yawa," in ji ta, "an ba ta taki har ta kumbura. Wagga ba ta wata biyu cikin rudu." Ta sake tonowa daga ƙasan tulin ta fito da wata ƙarama mai ƙarfi, wuyanta a bushe ya murɗe, ta miƙa wa mai kayan. Mutumin ya yi dariya ya ɗora hannu a ƙirji, ya tambaye ni daga ina take. Na ce daga garin da jar albasarsa ke cika manyan motoci zuwa Abijan da Akara da Kwatano, wadda masana iri a duniya suka sani da sunan Galmi. Ya ƙi karɓar kuɗin kilo ɗin da muka saya. Duk hanyar dawowa tana yi mini bayanin yadda ake yanke ruwa kafin cira, da yadda rabin wahalar shekara ke ruɓewa a rudu, wato ma'ajin albasa, kafin farashi ya tashi. Abin da na karanta a takardu da alƙaluma, ita ta san shi da yatsa.

Fas ita ce mafi nisa da za a iya zuwa a dawo a yini, wajen awa uku kowace tafiya, don haka jirgin farko muke kamawa, mu yi sallar asuba mu fito cikin duhu. Gwaggonta ƴar ɗariƙa ce, kullum da carbi, duk burinta bai wuce ziyarar Kiyota ba, Fas kuwa sunanta kawai take ji a bakin muƙaddamai. Daga tasha jar tasi ta kai mu ƙofar Bu Julud, shuɗiya ta waje koriya ta ciki, daga nan sai ƙafa, domin mota ba ta shiga tsohon gari. Lunguna ne masu gangara, wani wurin in ka miƙa hannu biyu ka taɓa bango da bango, masu alfadarai na ihun a ba da hanya. Muka wuce masallacin Ƙarawiyyin da Fatima al-Fihriyya ta kafa a 859, na gaya mata mace ce ta gina shi da gadonta, ta sa na maimaita. Ba nisa daga nan zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani take, inda aka rufe shi a 1815. Tun kafin mu kai ƙofar muka fara jin Wolof, muka ji Fulatanci, sai ga wasu mata da manyan mayafai suna Hausar Kano. Ta riƙe hannun ɗaya daga cikinsu suka gaisa gaisuwar waɗanda suka daɗe da sanin juna. Ta shiga wajen mata, na shiga wajen maza. Da muka fito ta ce in buga wa Gwaggo. Layi ya shiga da ƙyar. "Gwaggo, ga ni ƙohwar Shehu, na yi miki addu'a, na yi wa Inna, na yi wa wanda ya riga mu." Daga can ban ji komai ba sai salati da shessheka. Ni ba ɗan ɗariƙa ba ne, amma ban taɓa kashe kuɗin da na ji daɗinsa kamar na tikitin wannan ranar ba.

Kafin mu koma tasha mun hau wani bene muka leƙa majemar Shuwara, aka ba mu ganyen na'ana'a mu toshe hanci. Ta ƙi karɓa, ta ce warin jima ba baƙo ba ne. Suna amfani da farar ƙasa da kashin tantabara, namu majeman da toka da bagaruwa. Na ba ta labarin da ya kamata kowane ɗan ƙasar Hausa ya sani, cewa fatar da Turawa suka daɗe suna yabo da sunan fatar Maroko, da yawanta ta jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ce, ayarin raƙuma ke haye Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka kafin ta ƙetara Turai. Ta ce ashe awakinmu sun riga mu zuwa.

Ba kullum hanya ke da daɗi ba. Baƙar fata a can yakan ji kalmar da ba ya so daga bakin yara, wani lokaci har manya. Akwai ranar da wani mutum ya ɗora jakarsa a kan kujera da ya ga mun nufo ta. Wata mata mai yawan shekaru ta balbale shi da faɗa har ya sauke, ta jawo matata kusa da ita tana kiran ta ƴarta, ta ɓare lemo ta ba ta rabi. Irin wannan matar mun fi haɗuwa da ita fiye da irin wancan mutumin, kuma a cikin ɗakunan jirgin nan ne matata ta koyi Larabcin kasuwa, don ba a buɗe abinci a ci ba a miƙa wa na kusa ba. Dambunmu ya shiga bakin mutanen da ba za mu sake gani ba.

A watan Nuwamba na 2018 Sarki Muhammad na Shida ya ƙaddamar da jirgi mai gudun gaske da suka raɗa wa Al-Buraƙ, na farko irinsa a Afirka, mai cin kilomita 320 a awa tsakanin Kenitira da Tanja. Tanja da a da ba ma iya zuwa mu dawo a yini sai ta dawo tafiyar da ba ta kai awa ɗaya da rabi ba. Muka tara kuɗi muka je. Garin Ibn Batuta ne, wanda aka haifa a 1304, ya kuma bi ta Takadda a ƙasarmu a 1353. Daga kan tudu ana hango duwatsun Sifen, mashigin ruwan a inda ya fi ƙunci kilomita 14 ne kawai. A wurin muka ga samari baƙaƙe zaune su kaɗai suna kallon ƙetare, waɗanda da yawansu ta Tawa da Agadas suka biyo. Matata ta buɗe kwanonmu ta ba biyu daga cikinsu, ta ce mini kowane ɗaya akwai wadda ya bari a gida tana jira. Game da jirgin kuwa hukuncinta gajere ne, ta ce ba a gama hira ba an iso, mu koma wa namu na Fas. Na yarda da ita har yau.

Na taɓa gaya wa mahaifina a waya cewa mun je Maknas mun dawo. Ya ce, "Wa ya rasu?" Na ce ba kowa, Baba. Ya ce, "To mi kunka tahi yi?" Na ce gani kawai. Ya yi shiru, sannan ya ce Allah ya kiyaye hanya. Ban ga laifinsa ba. Mutumin da duk tafiyarsa ta neman abin da za a ci ce, dole ya ga wannan a matsayin ɓarnar kuɗi. Amma ni na shaida cewa auren da nake cikinsa yau a waɗannan kujerun aka gina shi. Hausawa sun ce zo mu ci tuwo ya fi tuwon daɗi, kuma matanmu an fi ba su tuwon fiye da kiran.

Mun dawo gida a ƙarshen 2019, muka tarar Najeriya ta rufe iyaka tun watan Agusta, Ƙonni ta yi tsit. Na sami aiki a harkar ban-ruwa, Allah ya ba mu ƴaƴa, ita kuma ta koma karatun manya tana kuma taimakawa a wani ɗakin shan magani. Mun yi ƙoƙarin riƙe al'adarmu. Nakan ɗauke ta a babur mu je bakin madatsa da yamma, ko mu shiga mota zuwa Galmi lokacin cirar albasa, in biya kuɗin kujerun gaba biyu. Na ji an ce ta mallake ni, na ji an kira ni mijin-ta-ce, ban kuwa fasa ba. Sai dai hanya ba ta ba da irin waccan natsuwar. Daga Tsarnawa zuwa Malbaza kana goga kafaɗa da manyan motocin siminti da na albasa, zuciyarka a hannu, ga shingaye, ga labarin ƴan bindiga a bakin iyaka da ke sa kowa ya so shiga gida kafin magariba. Ba a hira mai zurfi a cikin fargaba.

Muna Rabat aka yi bikin dogon Yamai zuwa Doso a watan Janairu na 2016, kilomita wajen 140 da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa, a zamanin Shugaba Mahamadu Isufu, ɗan Dandaji ta ƙasar Illela. Ɗaliban Nijar mun yi murna a lokacin, har muna lissafin shekarar da zai iso Dogon Dutsi ya wuce Ƙonni. Shari'a a kan wanda ke da haƙƙin aikin a ɓangaren layin da ke ƙasar Benin ta tsayar da komai, dogon yana kwance ba ya jigilar kowa. Yanzu ido ya koma kan layin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284 ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairu na 2021. Daga Maraɗi zuwa Ƙonni wajen kilomita 240 ne, kuma a kan wannan hanyar Galmi take da albasarta, Malbaza da simintinta da ake sarrafawa tun shekarun 1960. Kaya kaɗai sun isa hujja.

Roƙona ga hukumomin ƙasashen biyu shi ne kada dogon ya tsaya a Maraɗi. In kuma Allah ya sa ya ƙaraso, kada a bar shi ga buhuna kaɗai. A sa taragun fasinja masu tsabta, ɗaya da safe ɗaya da yamma, a kuɗin da malamin makaranta da manomin albasa za su iya biya na mutum biyu, yadda ɗan Ƙonni zai ɗauki matarsa su je Maraɗi ko Katsina su wuni, su dawo su kwana a gida.